Za a iya ba tsohon fim da sabon fim maki a kan ma'auni ɗaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Agege. Muna da majalisa da muke zama duk daren Lahadi a ƙofar shagona, kowa ya faɗi fim ɗin da ya kalla a makon, na Hausa ne ko na Indiya ko na Kudu ko na Turawa, ya ba shi maki daga 1 zuwa 10. Makon jiya kawuna ya sa muka kalli wani tsohon fim na Hausa na zamanin kaset, ya ba shi 9, abokina kuma wanda aka haifa a nan Legas ya ba shi 3, ya ce hoton dishi-dishi ne kuma waƙa ta yi yawa. Shi abokin nawa ya ba wani sabon fim mai dogon zango 8, Kawu ya ce ko 4 bai kai ba. Har an fara ɗaga murya. Shin akwai hanyar adalci ta auna tsohon fim da sabo, ko dai kowa da ra'ayinsa ne kawai?"

Wa'alaikumus salam, ƙanina. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ta taɓa abin da na daɗe ina fama da shi a sana'ata. Na haura shekara 20 ina aikin editin, wato yanka hoto da jera shi har ya zama labari. A Kano na fara, lokacin da kaset ke tashe, yanzu kuma a Surulere nake zaune da aikin, inda fina-finan Kudu da na Hausa suke ratsa hannuna, wani lokaci har da rubuta fassarar da ke fitowa a ƙasan allo. In na fahimce ka da kyau, tambayarka ta ƙunshi abu biyu. Kana son sanin ko ma'auni ɗaya zai iya ɗaukar fim ɗin da aka yi da kyamarar kaset da wanda aka yi da kayan zamani, sannan kana son sanin ko maki hukunci ne da za a iya kare shi da hujja, ko kuwa son rai ne da aka sa wa lamba. Amsata a gajarce ita ce, akwai hanyar adalci, amma ba za ta samu ba muddin kowa yana jefa lamba ɗaya tak ba tare da ya faɗi abin da ya auna ba. Kawunka da abokinka ba a kan fim suka yi saɓani ba tukuna, domin kowannensu tambaya daban ya amsa.

Abin da lamba take iya ɗauka

Bari mu fara da ita kanta lambar. Idan ka haɗa 9 ɗin Kawu da 3 ɗin abokinka ka raba biyu, za ka sami 6, kuma babu ko mutum ɗaya a majalisarku da ya ce fim ɗin na 6 ne. Wanda ya zo daga baya ya ji an ce 6 zai ɗauka fim ne tsaka-tsaki, mai ɗan daɗi da ɗan gundura, alhali gaskiyar magana ita ce fim ne da ya ratsa zuciyar wani har ƙarshe, ya kuma kasa riƙe wani ko na minti 20. Wannan matsala ba taku ba ce ku kaɗai, manyan wuraren da duniya ke duba makin fim ma da ita suke kwana. A IMDb masu kallo ne suke ba da maki daga 1 zuwa 10 kamar yadda kuke yi, sai a fitar da matsakaici ta hanyar lissafin da ba ya ɗaukar kowace ƙuri'a da nauyi ɗaya. A Rotten Tomatoes kuwa lambar da kake gani kaso ne na masu sharhin da suka ce fim ya yi, kuma daga kashi 60 zuwa sama ake cewa ya samu karɓuwa. Ma'anar haka ita ce fim ɗin da kowa ya ce "ba laifi" zai iya haura kashi 90, wanda kuma rabin masu sharhi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, rabi suka ƙi shi, zai tsaya a wajen kashi 50. Netflix ma a 2017 ta ajiye tsarin taurari 5 ta koma ga alamar babban yatsa, sama ko ƙasa.

Akwai kuma misalin da nake so Kawu da abokinka su ji tare. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tara masu sharhin fim daga ƙasashe duk bayan shekara 10 tun 1952, su zaɓi fina-finan da suka fi kowanne. Daga 1962 har 2002 fim ɗaya ne yake zuwa na farko, Citizen Kane na 1941. A 2012 Vertigo na 1958 ya ture shi, fim ɗin da lokacin fitowarsa masu sharhi suka rabu a kansa, sannan a 2022 wani fim na 1975 da wata darakta 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, ta yi ya hau samansu duka. Babu ko fitowa ɗaya da aka ƙara wa waɗannan fina-finai a tsakanin shekarun nan. Masu zaɓen ne suka canza, aka faɗaɗa su, abin da suke nema a fim ma ya canza. In har mutanen da sharhin fim shi ne abincinsu suna sauya hukunci haka, to majalisar ƙofar shago ba ta yi abin kunya ba don ta rabu gida biyu.

Abin da ke tsufa a fim da abin da ba ya tsufa

Abokinka ya ce hoto dishi-dishi ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai ya kamata ya san inda dishi-dishin ya samo asali. Fim ɗin Hausa na bidiyo da aka fi lissafawa a matsayin wanda ya buɗe kasuwa shi ne Turmin Danya, na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, a 1990, shekara 2 kafin Living in Bondage na 1992 da ya buɗe kasuwar Kudu daga nan Legas. Masu wannan zamani da waɗanda suka biyo su har farkon shekarun 2000 sun yi aiki da kyamarar kaset, sau da yawa guda ɗaya tak, da hasken rana ko fitila ɗaya ko biyu, kuma a wurare da dama makirfon da ke jikin kyamara shi ne yake ɗaukar magana da kukan akuya da ƙarar babur gaba ɗaya. Mu kuma a ɗakin editin na farko-farko muna kwafa ne daga kaset zuwa kaset, kuma duk kwafi ɗaya yana cin wani abu daga kyawun hoto. Daga nan a buga wa 'yan kasuwa, daga baya wani ya juye shi a faifan sidi, faifan ya karce, wani ya sake juyewa ya ɗora a YouTube. Abin da kuka kalla ran Lahadi jikan jikan asalin fim ɗin ne. Ɗora wa darakta laifin abin da ya faru da aikinsa a hannun masu kwafi na shekara 20 kamar a ga rigar da ka ɗinka bayan ta sha wanki da rana har ta koɗe, a ce ba ka iya zaɓen yadi ba.

Shaidar da ta fi gamsar da ni a kan wannan ita ce Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Fim ne da ya girmi na zamanin kaset da shekara 14 ko fiye, amma saboda a kan fim na silima aka ɗauke shi kuma aka kula da gyaransa, hotonsa ya fi na yawancinsu fita. Ashe tsufa da dishi-dishi ba abu ɗaya ba ne, kayan aiki da ajiya ne suke raba su.

To amma kada Kawu ya ɗauka wannan ya wanke tsohon fim daga komai. Akwai abubuwan da ba su da alaƙa da kuɗi ko kayan aiki, kuma a kansu tsoho da sabo suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Labarin ya tafi a kan dalili, ko kuwa marubuci ya kawo hatsarin mota ne don ya rasa yadda zai raba miji da mata? Mutanen cikin fim suna magana kamar mutane, kowa da bakinsa, ko duk murya ɗaya ce aka raba musu? Idan jaruma ta yi kuka, abin da ya gabata ya isa ya sa ta kuka? Akwai fitowar da za a cire ba tare da labari ya rasa komai ba? Waɗannan tambayoyi babu ruwansu da shekarar da aka yi fim. Mai tatsuniya a dandali ba shi da kyamara ko ɗaya, amma yara sun san wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Zan ba ka misali daga teburina. Shekarun baya an kawo mini wani fim, a ciki akwai fitowar da miji ya shigo tsakar gida ya gaya wa matarsa zai ƙara aure. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tankaɗen gari. 'Yar wasan ba ta ɗago kai ba, ba ta ce uffan ba, sai hannunta da ke kaɗa rariya ya tsaya na kamar daƙiƙa 3, sannan ya ci gaba da sauri fiye da dā, har gari yana zuba a gefen faranti. Daraktan ya so in yanka zuwa fuskarta kusa-kusa in ɗora kiɗan tausayi. Na roƙe shi mu bar hoton a kan hannun, mu bar ƙarar rariyar kaɗai. Mun yi gardama har aka kira la'asar, daga ƙarshe ya yarda. Wannan fitowa da kyamarar kaset aka ɗauke ta, launin zanenta ma ya ɗan gudu, amma har yau ban ga kyamarar da za ta ƙara mata wani abu ba. A gefe guda kuma, a 'yan shekarun nan na yanka fina-finan da aka buɗe su da hoton gari daga sama, motoci suna sheƙi, gida kamar otal, amma sai ka kai minti 40 kana jiran wani ya so wani abu ko ya ji tsoron wani abu. Idan abokinka ya ba sabon fim ɗinsa 8, tambayar da za a yi masa cikin mutunci ita ce, wace fitowa ce ta zauna masa a rai bayan kwana 7? In ya kawo ta ya bayyana, 8 ɗinsa ta tsaya da ƙafarta. In abin da ya tuna gidan ne da motar, to masu kayan aiki ya yaba wa, kuma wannan yabo ne halal amma ba shi ne duka fim ba.

Maganar waƙa kuma tana buƙatar a yi mata adalci ta fuska biyu. Waƙa da rawa sun shigo fim ɗin Hausa ne ta hanyar fina-finan Indiya da gidajen silima na Arewa suka shafe shekaru suna nunawa, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan wannan alaƙa. A wajen shekarar 2000 waƙa ita ce take sayar da kaset, ɗan kasuwa kan tambayi waƙoƙi nawa ne a ciki kafin ya tambayi labarin. Don haka wanda ya ce a rage wa fim maki kawai don akwai waƙa a ciki, ya ƙi salon ne gaba ɗaya, kuma gara ya faɗi haka a fili. Amma a cikin salon ma akwai gwani da wanda bai iya ba. Akwai waƙar da take faɗin abin da kunya ta hana saurayi da budurwa faɗa da baki, idan ta ƙare labari ya matsa gaba. Akwai kuma wadda aka cusa don a cika kaset, an canza kaya sau 5, an dawo inda aka tsaya. Ta farko aiki ce, ta biyu kuwa ko a shekarar da aka yi ta mun san ciko ce.

Dalilin da ya sa na dā suke fi mana daɗi

Yanzu ga abin da zan gaya wa Kawu, da girmamawa. Tsofaffin fina-finan da muke tunawa su ne waɗanda suka tsira. A shekarun da kasuwar kaset take ci, fina-finai suna fitowa kowane mako, kuma mafi yawansu babu mai iya tuna ko sunansu a yau. Lokaci ya tankaɗe su, ya bar mana tsabar. Sababbin kuwa muna kallonsu ne da dusarsu da tsakuwarsu, duk abin da aka saki a makon. Wanda ya gwada fitattun fina-finai 10 na shekara 10 da abin da ya fito ran Juma'ar da ta wuce, dole ya ce zamani ya lalace, amma gwajin ne bai daidaita ba.

Sannan akwai abin da mutum yake kallo a tsohon fim wanda ba ya cikin fim ɗin. Dattijon da ya zo Ikko yana saurayi, yana kwana a shago a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, kaset ɗin da direban babbar mota ya sauko da shi daga Kano ba nishaɗi kaɗai ba ne a wurinsa. A ciki yake ganin zauren gida da tukunyar ruwa da yadda ake durƙusawa a gaida iyaye, yake jin Hausar da ba a gauraya ta da komai ba, ana zaune mutum 15 a gaban talabijin ɗaya. Na taɓa sa wa mahaifiyata irin wannan fim lokacin da ta zo wurina jinya. Ba ta bi labarin ba sam, sai ta nuna wani langa mai fure a kan kabad a bayan jaruma ta ce irinsa aka kai ta da shi ɗaki, ta yi shiru mai tsawo. Da an ce ta ba da maki, 10 za ta ba shi, kuma ba zan ce ta yi kuskure ba. Sai dai maki ne na langa da ƙuruciya, darakta yana da kaso kaɗan a ciki. Ina zaton a cikin 9 ɗin Kawu akwai maki 2 ko 3 irin waɗannan.

Inda aka kalla da kunnen da ya saurara

Abu na gaba ya shafi Legas musamman. Yaron da aka haifa a nan yana tashi da Hausa da Yarabanci da Turancin buroka a baki ɗaya, kuma wannan arziki ne. Amma Hausar tsohon fim cike take da karin magana da habaici da zaurance, inda kishiya za ta yi wa kishiya magana a kan miya alhali ba miya take nufi ba. Wanda kunnensa bai saba ba zai ga mata biyu suna hira mai tsawo a kan girki, ya gaji, wanda ya saba kuwa yana ganin yaƙi. Kafin a karɓi 3 ɗin abokinka, a tsayar da fim a irin wannan wuri a tambaye shi me aka ce. Ba don a ƙure shi ba, don a san ko fim ɗin ne ya gaza ko saƙon ne bai iso ba. Haka shi ma Kawu, akwai salon magana da barkwancin matasa a sababbin fina-finai da zai wuce shi, kuma ya kamata a yi masa bayani kafin ya yanke.

Wannan ya shafi fina-finan Indiya na fassara da kuke sa wa maki. Wanda ya kalli fim da muryar mai fassara, rabin abin da ya ji daɗinsa ko ya ƙi aikin mai fassarar ne, domin shi yake zaɓen kalma, shi yake ƙara barkwanci, wani lokaci ma ya sauya wa jarumi hali. Daidai ne a ce "fassarar ta yi daɗi, na ba ta 8", amma a san cewa wanda ya kalli fim ɗin da harshensa na asali wani abu daban ya gani.

Wurin kallo ma yana da nasa tasiri. Garin nan ya ga silima tun 1903, lokacin da aka fara nuna hoto mai motsi a Glover Hall, kuma unguwarku har yau tana ɗauke da sunan Pen Cinema ko da yake gada ce yanzu ta fi shahara da sunan. Bayan tsofaffin gidajen sun mutu, silima ta dawo da sabon salo daga 2004 da aka buɗe Silverbird a Victoria Island. Fim ɗin da aka tsara don babban allo da duhu da sauti mai kewaye mutum, idan ka kalle shi a waya cikin danfo, a cunkoson Oshodi, kunne ɗaya da abin saurare ɗaya kuma yana jiran kwandasta, ka ga labarinsa amma ba ka ga fim ɗin ba. Ina ba da shawara duk mai ba da maki ya faɗi inda ya kalla da kuma ko a zama ɗaya ya gama. Jimla ɗaya ce, amma tana kashe gardama da yawa.

Hanyoyin da za ku iya bi

Wasu za su ce a raba ma'auni, tsofaffi da nasu, sababbi da nasu. Wannan yana kawo zaman lafiya, amma ban cika son sa ba, domin a ƙarƙashinsa akwai raini, kamar ana cewa tsohon fim ba zai iya karawa da kowa ba sai an yi masa rangwame. Wasu kuma suna rarraba maki, kaza na labari, kaza na wasa, kaza na hoto, kaza na sauti, a tara. Na yi amfani da wannan a wuraren da aka sa ni alƙalanci, kuma yana da amfani wajen tilasta wa mutum ya kalli abin da bai saba kallo ba. Illarsa ita ce fim ba jimlar sassansa ba ne. Kai tela ne, ka san za a iya samun riga mai kyan yadi, ɗinki a miƙe, aiki a wuya tsaf, amma a sa ta ta ƙi zama a jiki. Na ga fina-finan da suka ci kowane sashe suka tashi da maki mai yawa, kuma babu wanda ya so ya sake kallonsu.

Abin da nake yi da kaina, kuma shi nake ba ku shawara, shi ne maki biyu. Na farko na daɗin da na ji, wannan nawa ne, babu mai gardama da ni a kai, ko da dalilina langa ne a kan kabad. Na biyu na aikin da aka yi, kuma ma'auninsa shi ne abin da fim ɗin ya ɗauki alkawarin yi da abin da yake da shi a hannu. Fim ɗin barkwanci alkawarinsa dariya, na soyayya alkawarinsa ka damu da ko za su auri juna, na tarihi alkawarinsa ka yarda kana wancan zamani. Wanda yake da kyamara ɗaya ya cika alkawarinsa ya fi wanda yake da 4 ya saɓa. Wannan maki na biyu shi ne ake kare shi da hujja, kuma ƙa'idata ita ce hujja ta riga lamba fita. Mutum ya kawo fitowa ɗaya da ta yi aiki da ɗaya da ta gaza, ya faɗi dalili, sannan ya faɗi lambarsa. Idan lamba ta riga fita, sauran zaman kare ta ake yi, domin babu mai son a ga ya janye a gaban jama'a, balle a gaban ƙaninsa ko kawunsa.

Fim mai dogon zango kuma kada a ba shi maki na aiki sai zango ya ƙare. Kashi na 3 zai iya burge ka da ƙullin da marubuci bai san yadda zai kwance ba, kuma da yawa daga cikinsu ana jan su ne gwargwadon yadda masu kallo suke biye. Gwada cikakken fim na awa 2 da kashi 5 na labarin da bai kai rabi ba, gwada ɗinkakkiyar riga ne da yankakken yadi.

Akwai tambayar da na san za ta taso a majalisar Hausawa, wato wane darasi fim ya koyar. Ina ɗaukar ta da muhimmanci, domin muna kallo da iyali kuma abin da ya shiga gida ya shiga tarbiyya. Sai dai a ba ta gurbinta daban. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa fim alamar shekarun da suka dace da shi, kamar 12 ko 15 ko 18, Jihar Kano ma tana da tata hukumar tun 2001, kuma babu ɗayansu da aikinta shi ne ta ce fim ya yi daɗi. Ku ma ku yi haka, ku ce wannan ya dace a kalla da yara, wannan bai dace ba, sannan ku koma ga maki. Fim ɗin da aka lalata labarinsa ba ya gyaruwa don an kawo malami a minti 5 na ƙarshe ya yi nasiha, kuma fim ɗin da ya nuna mugu a matsayin mugu har ka tsane shi ya faɗakar ko da babu wanda ya juyo ya yi wa mai kallo wa'azi.

Inda ma'aunina ya tsaya

Wannan hanya ba za ta sa ku daidaita a kan lamba ɗaya ba, kuma ban yi nufin ta yi haka ba. Ko a maki na aiki, mutum biyu masu gaskiya za su iya bambanta da 2 ko 3, domin tantance alkawarin da fim ya ɗauka shi ma hukunci ne. Ni kaina ina da karkata da na sani. Idon edita gare ni, ina saurin ganin fitowar da ta yi tsawo, kuma ina rage wa fim maki a kan jan lokaci fiye da yadda mai kallo na yau da kullum zai yi, alhali akwai masu jin daɗin zama da mutanen fim ko da ba abin da ke faruwa. Kuma ban kalli fina-finan nan biyu tare da ku ba, don haka ba zan ce 9 ce daidai ko 3 ba.

Ran Lahadi mai zuwa, kafin a shiga fina-finan mako, ka roƙi Kawu ya zaɓi fitowa ɗaya daga tsohon fim ɗinsa wadda ba waƙa ba, abokinka ma ya zaɓi ɗaya daga nasa, kowacce kada ta wuce minti 5. A sa ta Kawu a kalla shiru, sannan abokinka ne zai fara faɗin abin da ya gani a ciki da abin da aka ce, Kawu ya cike masa inda habaici ya wuce shi. Sai a juya, a sa ta abokinka, Kawu ya fara magana. Bayan haka kowa ya rubuta makinsa biyu a guntuwar takarda ya miƙa maka a naɗe, kai kuma ka buɗe su gaba ɗaya.